BABI NA TARA: GANO MATSALAR JIGILAR BAYANAI KAI TSAYE A TSOHUWAR KWAMFUTA

9.0 Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 2000 na'urar kwamfuta ta fara zama abokiyar aikin mai nazarin Hausa a birnin Sakkwato. A shekarar 2001 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, kuma a shekarar ce wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya. Daga nan shagunan buga takardu suka yawaita a cikin gari da kewayen manyan makarantu, irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Akasarin na'urorin da aka yi aiki da su a wancan lokaci na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka, aka shigo da su ta Legas. A kansu aka buga kundayen bincike da muƙalun tarurruka da matanonin waƙoƙin makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru, da kuma hirarrakin da ɗalibai suka ɗauko daga bakin dattawa, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan na'ura takan wayi gari ta yi nauyi, har mai ita ya yanke mata ƙauna, ya jingine ta a kusurwa ko ya sayar wa 'yan gwangwan, tare da duk abin da ke cikinta. Sau da yawa kuwa ba mutuwa ta yi ba. Hanyar da take bi wajen jigilar bayanai daga faifan ajiya ce ta sauya, daga mai sauri zuwa mai jinkiri. Wannan babi zai bayyana wa ɗalibi hanyoyin nan biyu, da dalilin sauyawar, da matakan gano inda cutar take.

9.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa na samar da kalmomin fannu ta hanyar aro da faɗaɗa ma'ana da kuma ƙirƙira. An bi hanyoyin uku a wannan babi. Masarrafa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi da zartar da umurni. Ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira ram, ita ce inda ake ɗora bayanan da ake aiki da su a nan take, kuma da zarar an ɗauke wuta sai ta wofinta. Faifan ajiya shi ne rumbun dindindin, wanda bayanai ke zama a cikinsa ko an kashe na'ura. Jagoran faifai ɗan guntun lantarki ne da ke kan babban allon na'ura, shi ke shiga tsakanin faifan da sauran sassa. Babbar manhaja kuwa ita ce irin su Windows da Linux. Direba, a nan, ƙaramar manhaja ce da ke koya wa babbar manhaja yadda za ta yi magana da wani sashe. Ana auna yawan bayanai da megabayit da gigabayit, kuma megabayit dubu ke yin gigabayit ɗaya.

9.2 Hanyoyi Biyu na Jigilar Bayanai

Duk lokacin da aka buɗe wani fayil, wajibi ne a ɗauko shi daga faifan ajiya a kai shi ma'adanar wucin gadi. Tambayar ita ce, wa zai yi dakon?

A hanya ta farko, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan PIO, masarrafa ce da kanta ke yin dakon. Takan karɓi ɗan guntun bayani daga jagoran faifai, ta ajiye shi a ma'adana, ta koma ta ɗauko wani, har a gama. Misalinta shi ne ɗan kasuwar hatsi a Kasuwar Kara da ya bar rumfarsa yana sauke buhunan gero daga mota da kafaɗarsa. Buhuna za su sauka, amma muddin yana wannan aiki ba mai auna wa masu saye, ba mai karɓar kuɗi.

A hanya ta biyu, mai suna DMA, wato jigila kai tsaye, masarrafa wakilci take yi. Takan faɗa wa jagora abubuwa uku: wurin da za a ajiye bayanan a ma'adana, da yawansu, da kuma ko ɗauka za a yi ko kaiwa. Daga nan sai ta koma bakin aikinta. Idan jagora ya gama sai ya aika mata da sigina cewa kaya sun sauka. Ke nan ɗan kasuwa ya kira ɗan dako, ya nuna masa sito, ya faɗa masa adadin buhuna, shi kuwa ya zauna a rumfa. Babbar fa'idar jigila kai tsaye ita ce 'yantar da masarrafa, sannan ƙarin sauri ya biyo baya.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

Kwamfutar tebur da kamfanin IBM ya fitar a 1981 ta zo da guntun Intel 8237, mai tashoshin jigila kai tsaye guda 4. Samfurin AT na 1984 ya haɗa irin wannan guntu guda biyu, aka sami tashoshi 8, amma tasha ta 4 ta tafi wajen haɗa su, saura 7. Kowace na'ura da aka maƙala tana buƙatar tasharta ita kaɗai. Tasha ta 2 ta faifan fulofi ce. Idan na'urori biyu suka haɗu a tasha ɗaya sai rikici ya tashi, ko dai kwamfuta ta sandare ko bayanai su gurɓata. Sanannen misali shi ne katin faifai na Adaptec 1542 da katin sauti na Sound Blaster 16, waɗanda dukansu kan fito daga masana'anta a saite kan tasha ta 5. Maganin wannan shi ne a mayar da ɗayansu wata tasha da ba kowa.

Wannan tsohon guntu ba shi da sauri, don haka faifan IDE, wanda ya bayyana a 1986, ya daɗe yana amfani da hanyar PIO. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka sami jagoran da ke iya karɓar ragamar hanyar bayanai da kansa, ba tare da tsohon guntun ba. Daga 1998 aka shiga zamanin Ultra DMA. Ga iyakar saurin kowane mataki, a megabayit cikin sakan ɗaya:

PIO mataki na 0: 3.3
PIO mataki na 4: 16.7
Ultra DMA mataki na 2: 33.3
Ultra DMA mataki na 4: 66.7
Ultra DMA mataki na 5: 100
Ultra DMA mataki na 6: 133

Waɗannan alƙaluma iyakar abin da hanya za ta iya ɗauka ne, faifan kansa bai cika kaiwa nan ba. Daga 2003 tsarin SATA, mai siririyar waya, ya fara maye gurbin IDE. Saboda haka kwamfutocin da wannan babi ya fi shafa su ne na zamanin Pentium II da III da 4, masu faffaɗar waya, waɗanda ke ɗauke da Windows 98 ko 2000 ko XP.

9.4 Dalilin Komawa Hanyar Jinkiri

Tsarin Ultra DMA ya zo da wata dabara ta tantance saƙo. Duk ƙunshin bayanin da aka aika, mai aikawa da mai karɓa kowa zai yi wani lissafi a kansa, sannan a gwama sakamakon. Idan ya saɓa, an san saƙon ya gurɓata a hanya, sai a sake aikawa. Haka nan idan aka ba faifai umurni bai amsa ba cikin lokacin da aka ɗiba, akan rubuta masa kuskure.

Direban faifai na Windows 2000 da XP yana ƙirga waɗannan kurakurai. Idan jimlarsu ta kai 6 sai ya rage sauri zuwa matakin ƙasa. Idan kurakurai suka ci gaba sai ya ci gaba da sauka, har ya dire a kan PIO. Abin lura a nan shi ne, direban ba ya komawa sama don kansa, ko da an kawar da abin da ya jawo kuskuren. Kuma ba ya fito da wani gargaɗi a fuskar kwamfuta. Manufarsa kare bayanai ce, domin tafiyar hawainiya ta fi saƙo gurɓatacce. Wannan ya nuna cewa komawa PIO alama ce ta wata cuta da ke wani wuri, kamar yadda zazzaɓi ke nuna akwai abin da ke damun jiki. Wanda ya tilasta wa na'ura komawa DMA bai binciki sanadi ba, ya rufe bakin mai kuka ne kawai.

Alamomin da mai aiki zai gani sun haɗa da daɗewa wajen tashi, da sarƙewar sauti ko bidiyo a daidai lokacin da fitilar faifai ke ci, da tsalle-tsallen kibiyar linzami yayin kwafe babban fayil. Idan aka duba ma'aunin aikin masarrafa za a ga ya cika ko ya kusa, alhali ba wata manhaja da ke aiki mai nauyi. Waɗannan alamomi kan sa a zargi ƙwayar cuta ta kwamfuta, a goge faifai baki ɗaya a sake zuba Windows. A nan ne aka fi yin asarar bayanai, kuma bayan 'yan kwanaki nauyin ya dawo, tun da ba a taɓa tushen matsalar ba.

9.5 Matakan Bincike

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abin da ya fi muhimmanci, sannan mai sauƙi, kuma a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya abubuwa uku a tare, ko na'ura ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba.

Mataki na farko: kwashe bayanai. Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a kwafe muhimman fayiloli zuwa filashi ko wani faifai, ko da kuwa kwafewar za ta ci awoyi. Idan kwamfutar ba ta tashi, ana iya cire faifan a haɗa shi da wata na'ura ta hanyar mahaɗin da ke mayar da IDE zuwa USB. Idan faifai na ƙwanƙwasawa ko yana kukan da ba a saba ji ba, kada a yi ta kunnawa da kashewa. Irin wannan faifai akan ɗauki hotonsa baki ɗaya da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu rauni.

Mataki na biyu: tabbatar da hanyar da ake kai. A Windows XP akan buɗe shafin da ke jera sassan na'ura, mai suna Device Manager, a shiga sashen jagororin IDE, a buɗe tasha ta farko ko ta biyu. A can akwai layi biyu ga kowane faifai: ɗaya na nuna hanyar da aka nema, ɗayan na nuna wadda ake kai a yanzu. Idan an nemi DMA amma ana kan PIO, zargi ya tabbata. A Windows 98 ɗan akwati ne a shafin saitin faifai, wanda ake sa wa alama. Idan aka sa alamar aka sake kunna na'ura ta ɓace, to akwai abin da ya hana. A Linux manhajar hdparm ke nuna matakin da faifai ke kai.

Mataki na uku: duba waya. Wannan ne wurin da aka fi samun mai laifi, kuma shi ne mafi arha. Faffaɗar wayar IDE iri biyu ce, mai silli 40 da mai silli 80, ko da yake dukansu ramuka 40 ne a bakinsu. Ƙarin silli 40 ɗin aikinsu kare sigina ne daga kutsen maƙwabta. Duk saurin da ya haura megabayit 33.3 yana buƙatar mai silli 80. Ita wannan waya bakunanta uku ne masu launi daban-daban: shuɗi na babban allo, baƙi na faifan farko a can ƙarshe, ruwan toka na faifai na biyu a tsakiya. Idan aka juya ta, jagora na iya ɗaukarta a matsayin mai silli 40, ya tsaya a mataki na 2. Ƙa'ida ba ta yarda tsawonta ya wuce inci 18 ba, wato kimanin santimita 46. Wayar da aka lanƙwasa da ƙarfi, ko bakinta ya saki, ko ƙura ta shiga ramukanta, ita ce ke haifar da kurakuran tantance saƙo. A cire ta, a share, a mayar da kyau, in da hali a gwada wata.

Mataki na huɗu: duba jampa. Waya ɗaya na ɗaukar na'urori biyu, kuma dole a bambanta na farko da na biyu da wani ɗan maɓalli da ke bayan kowanne, wanda ake kira jampa. Idan dukansu suka yi iƙirarin matsayi ɗaya, ko dai ɗaya ya ɓace ko dukansu su riƙa kuskure. Yadda ake saita shi na nan a zane a jikin faifan. Ya fi kyau faifan ajiya ya zauna a waya ɗaya shi kaɗai, na'urar CD ta koma waya ta biyu. Ita na'urar CD takan faɗa PIO saboda karanta faifai mai ƙarzuwa, domin jinkirinta wajen amsawa akan lissafa shi cikin kurakurai.

Mataki na biyar: duba saitin BIOS. Wannan ita ce ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows. Saitinta na dogara da wani ɗan batir mai kama da kwabo, samfurin CR2032 mai bolt 3. Idan ya mutu, agogon na'ura zai riƙa komawa wata tsohuwar shekara, saiti kuma ya ɓace. A sauya batir, a tabbatar an bar zaɓin faifai da na Ultra DMA a kan gano-da-kanka.

Mataki na shida: share ƙirgar kurakurai. Sai bayan an gyara sanadi ake yin wannan. A shafin jera sassa, a cire direban tashar IDE da abin ya shafa, a sake kunna na'ura. Windows zai gano tashar daga farko, ya fara sabuwar ƙirga, ya zaɓi mafi girman matakin da faifai da waya da jagora suka yarda da shi. Idan babban allon na buƙatar direban kamfanin da ya ƙera guntunsa, kamar Intel ko VIA ko SiS, a tabbatar an zuba shi.

Mataki na bakwai: tambayar faifan kansa. Faifan wannan zamani na riƙe da rajistar lafiyarsa, mai suna SMART, wadda manhajoji da dama ke iya karantawa. Lamba ta 199 na ƙirga saƙonnin da suka gurɓata a hanya, hauhawarta na nuna waya. Lamba ta 5 da ta 197 kuwa na ƙirga gurabun da suka lalace a jikin faifai ko ake shakkarsu. Idan waɗannan biyun ne ke ƙaruwa, faifan ne ke kan hanyar mutuwa, kuma ba saitin da zai cece shi. Abin yi shi ne a sauya shi.

9.6 Tasirin Yanayin Sakkwato

Yanayin wuri na da hannu a cikin wannan matsala. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, cikin akwatin kwamfuta kuwa ya fi haka, alhali yawancin faifan wancan zamani an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 55 ko 60 ba. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan toshe fanka ta kwanta a bakin wayoyi. Bushewar iskar hunturu kuma na tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ake ji idan an taɓa ƙarfen ƙofa, kuma yana iya ƙona guntu. Don haka kafin a sa hannu cikin na'ura a zare wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin. Hawa da saukar wuta, da sauyawa zuwa janareto, kan raunana akwatin rarraba wuta na kwamfuta, faifai ya riƙa samun wutar da ba ta ishe shi ba, ya yi jinkirin amsawa. A duba kuma 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allo, waɗanda ake kira kafasito. Na'urorin da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna wajen kumburin waɗannan gwangwanaye, kuma duk wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya lalace.

9.7 Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai wani abu da ya keɓanta ga mai ceton rubutun Hausa. Ko da yake tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ tun 1991, yawancin rubutun da aka buga a shekarun 1990 da 2000 da keɓaɓɓun zanen haruffa aka yi shi, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar. Irin wannan zane yakan ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama ta allon bugu. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon fayil a sabuwar na'ura sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Rubutun bai lalace ba, zanen ne babu. Saboda haka wanda ke kwashe fayiloli ya haɗa da jakar zanen haruffa da ke cikin jakar Windows. Daga baya sai a bi alamomin ɗaya bayan ɗaya a musanya su da haruffan Unicode, domin rubutun ya karantu a kowace na'ura.

9.8 Kammalawa

Babin ya nuna cewa nauyin tsohuwar kwamfuta na iya kasancewa sakamakon saukar da direba ya yi daga jigila kai tsaye zuwa hanyar da masarrafa ke dako da kanta, bayan ya ƙirga kurakurai. An ga cewa bincike na farawa da kwashe bayanai, sannan waya da jampa da saiti, kafin a share ƙirga, kuma rajistar SMART ce ke raba gardama tsakanin laifin waya da na faifai. Ya kamata ɗalibi ya sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, don haka bai dace a haɗa irin wannan na'ura da intanet ba. Amfanin gyaranta shi ne a fitar da abin da ke cikinta, a ajiye shi aƙalla wuri biyu daban-daban.

9.9 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin hanyar PIO da ta DMA, tare da kawo misalinka na kanka daga rayuwar Hausawa.
2. Me ya sa ake cewa komawa PIO alama ce ta wata matsala? Kawo sanadi uku.
3. Fayil mai gigabayit 2 zai ɗauki sakan nawa a saurin megabayit 16.7, kuma nawa a saurin 100?
4. Lamba ta 199 na ƙaruwa a rajistar wani faifai, ta 5 kuwa ba ta motsa ba. Wane mataki ya dace a ɗauka?
5. Rarraba kalmomin da ke sashe na 9.1 zuwa na aro da na faɗaɗa ma'ana da ƙirƙirarru, sannan ka ba da shawarar wata kalma a madadin jampa, tare da hujja.
6. Ziyarci wani mai gyaran kwamfuta a unguwarku, ka tattaro kalmomi 10 da yake amfani da su a bakin aiki, ka yi sharhi kan yadda aka hausantar da su.